Matsalar Sufuri da Ajiye Motoci Ranar Babban Wasa a Kaduna: Yadda Abin Yake Daga Kudancin Kogi

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda ake kai dubban mutane filin wasa a kuma komo da su gida lafiya, da irin dabarun da masana sufuri suke bi wajen wannan aiki. An ɗauki Filin Wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna a matsayin abin misali, amma za a dubi al'amarin ta fuskar mutumin da ke zaune a kudancin kogi, wato a Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, ko Narayi, ko Unguwar Talbijin, ko Sabon Tasha. Dalili kuwa shi ne, filin yana arewacin kogi, kuma mazaunin waɗannan unguwanni ba shi da hanyar zuwa kallo sai ya haye gada. Abin da maƙalar take son ta nuna shi ne, ranar babban wasa gadar nan ita ce ainihin ƙofar fili, don haka a can ƙetare ya kamata a fara shirin ajiye motoci, tun kafin a tunkari bakin katanga.

Kafin mu yi nisa yana da kyau a rarrabe tsakanin sunaye uku da sukan rikita baƙo. Akwai Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, wadda ta haɗa har da Tudun Wada, alhali kuwa Tudun Wada tana arewacin kogi. Akwai kuma Kudancin Kaduna, wato ɓangaren jiha da ya ƙunshi su Kafancan da Kagoro da Zonkwa. Abin da muke nufi a nan daban ne da duka biyun: unguwannin birnin Kaduna da suke hayin kudu na kogi, waɗansu a ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, waɗansu a ƙarƙashin Cikun.

Yadda garin ya zauna

Kaduna gari ne da jirgin ƙasa ya haifa. Layin dogo ya haye kogin ya isa Kano a 1911, aka komo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sa'an nan layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na yamma a 1927, a babbar tashar da ke kudancin kogi. Tun daga lokacin aka yi wani irin rabon aiki tsakanin hayin biyu. Ofisoshin gwamnati, da barikokin soja, da babbar kasuwa suka zauna a arewa. Tashar jirgi da masana'antu suka zauna a kudu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo ta, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar man fetur kuma ta fara aiki a kan hanyar Kaciya a 1980. Ma'aikatan waɗannan wurare su ne suka cika unguwannin kudu, kuma duk wanda ya san Kakuri ya san mutane ne masu son ƙwallo ƙwarai.

An gina filin wasan a tsakiyar shekarun 1960, zamanin da mai mota a Kaduna ana iya nuna shi da yatsa, akasarin 'yan kallo kuwa a ƙasa suke zuwa ko a kan keke. Wurin da aka zaɓa yana da kyau ga wancan zamani, domin yana tsakanin hayin biyu, a gefen titin Constitution, tafiyar 'yan mintoci daga gada. To, amma wannan kusanci da ya zama alheri ga mai tafiya a ƙasa shi ne ya zama ƙarfen ƙafa da motoci suka yawaita. Shataletalen da ke gaban filin shi ne mahaɗar motocin da suka gangaro daga tsakiyar gari za su haye kudu, da waɗanda suka hauro daga kudu za su shiga gari. Ko ba a wasa, wurin ba ya rabuwa da gosulo da safe da kuma yamma.

Filin ya ga manyan taruka. A nan aka yi Wasannin Ƙasa na 1977 da na 2009, yana kuma cikin filayen da aka buga Gasar Matasa ta Duniya a 1999, da Gasar Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. A 2025 aka shiga aikin sake gina shi da nufin ƙara yawan kujerunsa. Wannan shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa, domin kuwa ana iya ninka kujeru, amma ba a ninka faɗin gada da shataletale da wannan kwangila.

Akwai wani abu kuma da ba a iya tsallakewa. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'a da yawa sun yi ƙaura daga wannan hayi zuwa wancan, har ya zamana galibin Musulmi suna arewa, galibin Kirista suna kudu. Filin ƙwallo yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗan Unguwar Sarki da ɗan Unguwar Romi suke zama kafaɗa da kafaɗa suna ihu da murya ɗaya. Idan wahalar hanya ta sa mutumin Sabon Tasha ya gwammace ya zauna a gidan kallo na unguwarsu, to, garin ya yi hasarar abin da ya fi kuɗin tikiti.

Darasin ranar 25 ga Maris, 2016

A wannan rana ce Nijeriya ta kara da Masar a wasan neman shiga Gasar Cin Kofin Afirka. Ranar Juma'a ce, kuma ta zo daidai da hutun Ista, saboda haka kowa yana da sarari. Gwamnatin jiha ta ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta, da niyyar a cika fili a ƙarfafa wa 'yan wasa gwiwa. Filin a lokacin yana ɗaukar mutum 16,000, amma 'yan jarida sun ƙiyasta waɗanda suka shiga sun kai 40,000. Hotunan ranar sun zaga duniya: samari sun ɗare kan turakun fitilu da allon nuna sakamako, waɗansu sun zauna a bakin layin fili. Oghenekaro Etebo ya ci wa Nijeriya, Mohamed Salah ya farke dab da tashi, aka tashi ɗaya da ɗaya. Hukumar CAF ta ci tarar Nijeriya dala 5,000. Allah Ya kiyaye, ba a ba da labarin rasa rai ba.

Abin lura ga ɗalibin sufuri a nan shi ne amfanin tikiti. Mutane sukan ɗauka tikiti hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Babban aikinsa shi ne ƙidaya. Da tikiti ne mai shirya wasa yake sanin mutum nawa za su zo, ta wace ƙofa za su shiga, kuma idan an sayar da shi a unguwanni, daga wane ɓangaren gari za su taso. Mutumin da bai samu tikiti ba tun jiya, ba zai bar Gonin Gora ya hau mota biyu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ba. Da aka ce kyauta ne ba tare da takarda ba, sai ya zamana babu wanda ya san adadin masu zuwa, ba 'yan sanda ba, ba direbobi ba. Kyauta ba laifi ba ce. Ana iya buga tikiti daidai yawan kujeru a raba shi kyauta kwana biyu kafin wasa, rabi a hayin arewa rabi a hayin kudu, a kuma yi ta shela a rediyo cewa wanda ba shi da shi kada ya taso.

Waɗansu garuruwan ba su yi sa'ar da Kaduna ta yi ba. A filin Hillsborough na Ingila, ranar 15 ga Afrilu, 1989, dubban mutane sun taru a bakin 'yan ƙofofi kaɗan dab da fara wasa, aka buɗe babbar ƙofar fita don a rage matsi a waje, sai matsin ya koma ciki. Mutum 97 suka rasu sanadiyyar haka. A Akra ta Gana, ranar 9 ga Mayu, 2001, mutum 126 suka mutu wajen gudun barkonon tsohuwa suka tarar da ƙofofi a rufe. A Yawunde ta Kamaru, ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin ƙofar shiga sabon fili fil. Na Hillsborough da na Yawunde duk a bakin shiga suka faro, wato a daidai gaɓar da aikin mai kula da hanya yake ƙarewa na mai kula da fili yake farawa.

Ɗan lissafi

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bari mu gwada kimar da alƙalami. Alƙaluman da za su biyo baya misali ne na lissafi, ba ƙidayar wani wasa ba ce.

Ƙaramar mota tana bukatar wuri mai faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar. In aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, kowace mota takan ci kimanin murabba'in mita 25. Filin ƙwallo cikakke, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, bai wuce ya ɗauki motoci 285 ba. To, mu ƙaddara cikin 'yan kallo 16,000 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka zo da motocin gida, mutum uku a kowace mota. Motoci sun haura 1,300 ke nan, kuma wurin ajiye su ya kusa girman filin ƙwallo biyar. In aka ninka kujeru, sai a nemi kusan goma. Babu wannan sarari a tsakiyar Kaduna, kuma ko da akwai, ɓarna ce a killace shi domin taron da ba ya wuce 'yan kwanaki a shekara.

Ko da an samu wurin ma, sauran rina a kaba, domin motocin sai sun fita. Layi ɗaya na titi, in babu abin da ya tare shi, yana wuce da motoci kamar 1,800 a awa guda. Da zarar an kawo shataletale, ko mai keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja, adadin yakan faɗi ƙasa da rabi. Yanzu mu ce rabin 'yan kallo, mutum 8,000, kudu za su nufa. In a keke Napep za a kwashe su, huɗu-huɗu, sawu 2,000 ake bukata. In a ƙananan bas-bas ne masu cin mutum 14, sawu 572. In kuwa a manyan bas ne masu cin mutum 60, sawu 135 ya isa, wato bas 45 kowace ta yi sawu uku.

Amma abin mamaki, wanda ya fi kowa sauƙin sha'ani shi ne mai tafiya a ƙasa. Littafin ƙa'idojin tsaron filayen wasa na Ingila, wanda aka fara bugawa a 1973 aka kuma yi ta sabunta shi, ya ƙiyasta cewa a shimfiɗaɗɗiyar hanya mutum 82 suna iya wucewa ta faɗin mita ɗaya cikin minti ɗaya. Layin titi guda yana da faɗin kamar mita uku da rabi. Ke nan in aka ware wa masu ƙafa layi ɗaya a kan gada, mutum 8,000 za su haye cikin abin da bai kai rabin awa ba. Wannan layin, in aka bar wa ƙananan motoci, ko da komi ya tafi daidai ba zai haye da mutum 5,500 a awa cikakkiya ba. Littafin ya kuma ce ƙofar shiga mai juyawa ba a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa. Don haka fili mai kujeru 16,000 yana bukatar irin waɗannan ƙofofi 25 kafin ya cika cikin awa guda.

Shiga da fita ba ɗaya ba ne

Masu shirya taro a ƙasar nan sukan ba da ƙarfinsu ga shiga, saboda a nan kuɗi yake, a nan kuma manyan baƙi suke gani. Alhali fita ta fi wuya. 'Yan kallo suna zuwa ne a tsittsinke, wani tun azahar, wani sai an kusa take leda, abin ya ɗauki awa uku ko huɗu. Amma da alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, gaba ɗaya ake miƙewa, kuma cikin minti goma sha biyar kowa yana kan titi.

A Kaduna akwai ƙarin matsala ga mutanen kudu. Wasan da aka fara ƙarfe huɗu yakan tashi wajen ƙarfe shida, wanda aka fara ƙarfe biyar kuwa sai dab da magariba. Wannan shi ne lokacin da ma'aikatan ofisoshi da 'yan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da suke zaune a kudu suke komawa gida. Watau ɗan kallon da zai koma Kawo ko Unguwar Rimi yana tafiya ne sabanin cunkoso, amma wanda zai koma Talbijin ko Sabo shiga zai yi cikin tsakiyarsa. Bas ɗin da ta taso daga kasuwa ta riga ta cika kafin ta iso shataletalen fili. Sai ka ga jama'a sun tsaya a kan kwalta suna tare kowace mota, masu keke sun ninka kuɗi, masu acaɓa suna kutsawa ta ko'ina, duhu kuma yana shigowa. Mata da masu ƙananan yara da naƙasassu su ne suka fi jin jiki a wannan sa'a, kuma ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a cika ganinsu a manyan wasanni ba.

Hikimar zango

Kalmomin da muke amfani da su a wannan fage galibinsu na aro ne daga Ingilishi: fakin, da tasha, da gareji, da gosulo. Wannan yakan sa a zaci Bahaushe bai san sha'anin ba sai da mota ta zo. Ba haka abin yake ba. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan tafi da ɗaruruwan jakuna, kuma ba su taɓa kutsawa cikin gari da su ba. A zango suke sauka, a bayan gari, inda akwai ruwa da sarari. Jagaba yakan riga ayari isa ya duba masauki, madugu ya tsara wanda zai tashi a gaba da wanda zai biyo baya, Sarkin Zango kuma ya kula da baƙi da dukiyarsu. Wanda yake da bukata a kasuwa sai ya bar dabbarsa ya shiga da ƙafa.

Abin da Turawa suke yi yau a manyan wasanni bai wuce wannan ba. Mai mota yakan bar motarsa a wani fili nesa da wurin wasa, a ɗauke shi a bas ko jirgin ƙasa. A Jamus tikitin wasa shi ne kuma tikitin bas da jirgin cikin gari a ranar, haka aka yi a Gasar Duniya ta 2006, haka kuma aka yi a Landan lokacin Wasannin Olimfik na 2012. Saboda haka a ganina kalmar zango ta fi dacewa da wannan tsari fiye da duk wata fassara da za a ƙago.

Ina za a kafa zango a kudancin kogi? Wuri na farko shi ne kewayen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, daga inda mai lafiya zai iya hayewa da ƙafa. Na biyu shi ne Kakuri. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, kuma masana'antun wannan yanki an gina su ne da manyan harabobi da katanga da ƙofa, domin sun saba sallamar dubban ma'aikata a lokaci guda in an canja aiki. Wuraren suna da masu su, sai an yi yarjejeniya an biya haya, amma hayar yini ɗaya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen fili a tsakiyar gari. Na uku shi ne garejin Talbijin da Sabon Tasha, inda motocin da suka fito daga Kaciya da Kafancan suke sauke fasinja. Baƙin da suka taso daga Abuja ma ta kudu suke shigowa gari, don haka babu dalilin da zai sa motarsu ta haye kogi.

Wuri guda da ya kamata a guje masa shi ne fadamar bakin kogi. Da rani takan yi kama da fili na banza mai jiran motoci, amma kogin Kaduna yakan yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda mazauna titin Kigo suka sha gani.

Zango ba ya aiki sai da sharuɗɗa. Dole mai mota ya amince cewa zai tarar da motarsa yadda ya bar ta, wato a ba shi lamba, a sa fitila, a sa masu gadi da aka sani. Samarin da suka saba tsaron motoci a gefen titi suna karɓar na goro, gara a ɗauke su aikin a ba su riga da lamba da a kore su, domin sun fi kowa sanin fuskokin ɓarayin wurin. Dole kuma bas ta riƙa tashi a kan kari ko ba ta cika ba, abin da ya saɓa wa al'adar tasha, inda mota ba ta motsi sai ɗan kamasho ya ga kujerar ƙarshe ta samu mai ita. Direba ba zai yarda da haka ba sai an biya shi kuɗin sawu maimakon kuɗin kai, kuma hanyar samun wannan kuɗi ita ce a ɗora shi a kan tikiti tun farko. A 2025 gwamnatin jiha ta fito da manyan bas masu aiki da iskar gas a kan hanyoyin cikin gari. Irinsu ne suka dace da wannan jigila. Sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi ɗaci, shi ne a hana ajiye mota a titunan da suke kewaye da fili, a kuma tsaya a kan hanin. In mutum ɗaya ya yi fakin a bakin ƙofa ya kwana lafiya, a wasa na gaba ba mai zuwa zango.

Sauran gadoji

Sa'ar da aka yi ita ce, yanzu gadar fili ba ita kaɗai ba ce. Akwai ta hanyar Nnamdi Azikiwe a yamma, wadda manyan motoci suke bi ta Nasarawa. Akwai ta hanyar Yakowa a gabas. Akwai kuma wadda aka gina cikin shirin sabunta birni da aka ƙaddamar a 2019, wadda ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama a Barnawa. Ranar wasa, duk motar da ba fili za ta ba ya kamata a karkatar da ita zuwa ɗaya daga cikin waɗannan tun daga nesa, awa biyu kafin wasa da awa ɗaya bayansa. A tsohuwar gada sai a ware layi ɗaya na masu ƙafa, ɗaya na bas. Kada kuma a manta da hanyar motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, wadda ba a yarda kowa ya taka ba, komi girmansa.

Wannan ya kawo mu ga maganar manya. Sau da yawa jerin gwanon motocin babban baƙo shi ne yake tsinka igiyar shiri. Yakan iso ana sauran minti goma a fara, a tsayar da kowa, jiniya tana kuka, daidai lokacin da jama'a suka fi yawa a bakin ƙofa. In an tashi kuma a sake tare hanya har sai ya fita. Minti biyar da aka tsayar da taron da ke tafe daga baya ba ƙaramin abu ba ne, domin na baya bai san an tsaya ba, turowa yake yi. Maganin abin ba shi da tsada: babban baƙo ya riga jama'a zuwa, in an tashi kuma ya zauna a sha ruwa da shi na rabin awa har titi ya sarara. Ko a hawan salla, ai sarki ba ya ratsa taro sai dogarai sun san ta inda zai bi tun jiya.

Wa ke da wuƙa da nama?

Hukumomin da suke da hannu a ranar wasa suna da yawa. Akwai masu shirya wasan, da ma'aikatar wasanni, da 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya da aka kafa a 1988, da hukumar KASTLEA ta jiha, da ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ƙungiyoyin masu keke Napep. Kowanne yana da shugabansa da rediyonsa. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa yana iya ganin fili ya cika, amma ma'aikacin da ke Kakuri bai sani ba, yana ta loda bas yana turowa. Abin da ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni suke yi shi ne a tara wakilin kowace hukuma a ɗaki ɗaya mai kallon fili da hanyoyinsa, a kuma naɗa mutum guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe, har da ikon jinkirta fara wasa in jama'a ba su gama shiga ba. A Hillsborough an yi tunanin jinkirtawa, ba a yi ba.

'Yan ƙungiyar direbobi da masu keke ya kamata a zauna da su tun ana sauran mako guda, domin ranar wasa ranar kasuwarsu ce, kuma duk tsarin da ya hana su abinci za su karya shi. Masu keke ba a bukatarsu a kan gada, amma ana matuƙar bukatarsu a zango, su kwashi mutane zuwa lungunan Narayi da Unguwar Sunday da Nasarawa inda babbar bas ba ta shiga. Haka nan masu tsire da masu rake da 'yan tallan ruwa: in aka ba su wuri a zango da gefen hanyar masu ƙafa, sun samu ciniki, bakin ƙofa kuma ya huta. Har ma suna da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, domin duk wanda ya tsaya sayen tsire bayan wasa ya rage mutum ɗaya cikin turmutsitsin minti goma sha biyar na farko.

Daga nan sai sanarwa. Kaduna gari ne na rediyo tun da aka buɗe gidan rediyon Arewa a 1962, kuma har yanzu direba da fasinja suna saurare. Sanarwar ta fito da Hausa da Ingilishi da Turancin buroka, tun ana sauran kwana uku, ta faɗi abu huɗu ƙarara: inda za a samu tikiti, inda za a bar mota, ƙarfe nawa za a rufe gada ga ƙananan motoci, da ƙarfe nawa bas ta ƙarshe za ta tashi daga bakin fili zuwa Sabon Tasha.